Feshin cire ƙarfe, yumɓu ko asid: wanne ya dace da fenti da rim ɗin motarka?

Ka wanke farar mota tas, ka tsane ta da tawul, ka ja da baya kana kallo kana jin daɗi. Sai ka durƙusa dab da ƙasan ƙofa ko murfin but, ka ga wasu 'yan ɗige-ɗige masu launin tsatsa, ƙanana kamar tsinin allura, sun bazu a jikin fenti. Ka sa soso, suna nan. Ka ƙara sabulu, ko gezau. A nan ne hankalin mutane da yawa ke tashi, su ɗauka jikin motar ne ya fara ruɓewa daga ciki. Alhali tsatsar baƙuwa ce, daga waje ta zo ta sauka.

Mafi yawanta daga birki take fitowa. Faifan birkin yawancin motoci zubin baƙin ƙarfe ne, takalman birki da yawa kuma akwai garin ƙarfe a haɗinsu. Duk takawa ɗaya sai sun gogi juna, su feso ɓarɓashi mai zafi wanda ido ba ya iya tsinto shi ɗaya-ɗaya. Wani ya manne a rim, wani iska ta kwasa ta watsa a gefen motar da bayanta, naka da na motocin da ke gabanka. Titin jirgin ƙasa ma yana fitar da irinsa, shi ya sa sabuwar mota dal da aka yi jigilarta a jirgi kan iso da ɗigon a jikinta tun ba ta taka titi ba. Haka abin yake ga mai ajiye mota kusa da masana'anta, ko inda ake walda da gurzar ƙarfe.

Ɓarɓashin yana da kaifi, ga shi ya zo da zafi, sai ya kafe a lulluɓin saman fenti, wato wannan shimfiɗa marar launi da ke ba mota sheƙi. A motar da ta fito daga kamfani, kaurin lulluɓin bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, galibi bai kai silin gashi ba ke nan. Da danshi ya taɓa ƙarfen sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi, ta ƙara riƙe wurin gam. Farar mota da mai ruwan azurfa su ke tona asirin abin. Baƙa ma tana ɗauke da shi, ɓoyewa kawai take yi. In kana so ka tabbatar, bayan wanki ka zura hannu cikin siririyar leda ka shafa fentin a hankali. Leda tana ƙara wa yatsa ji. In ka ji kamar kana shafa yashi, to akwai aiki a gabanka.

Abubuwa uku ake yawan miƙa wa mutum idan ya tambayi magani: feshin cire ƙarfe mai sauya launi, yumɓun goge mota, da ruwan asid na wanke rim. Ana jera su kamar kishiyoyi, amma kowanne hanyar aikinsa daban, ɓarnar da zai iya yi ma daban, kuma a nan zaɓin yake.

Bari in fara da feshin, tunda shi ya fi ɗaukar ido. Sunayensa a kasuwa suna da yawa: IronX na CarPro, Iron Out na Auto Finesse, Korrosol na Bilt Hamber, da wasu birjik. Kusan dukkansu jigonsu ɗaya ne, wani gishirin sinadari da ake kira tayogilaikolet. Idan ya haɗu da ƙarfe yakan narkar da tsatsar da ke kewaye da ɓarɓashin, ya haɗe da ita su zama wani abu da ruwa ke iya ɗauka. Ƙwayar da ta kafe sai ta rage girma, ta saki fentin, ta bi ruwan ɗauraya. Wannan haɗuwar ce ke ba da launin shunayya mai ja-ja, har ka ga kamar motar tana zubar da jini. Launin ba rini ba ne da aka zuba don a burge mai saye. Masu harhaɗa magunguna sun daɗe suna amfani da wannan sinadarin a ɗakin gwaji don gano ko akwai ƙarfe a cikin abu, kuma launin da suke jira ke nan.

Warinsa kuma sai wanda ya ji. Akwai farar wuta a ginin sinadarin, don haka yana bugo hanci kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya taɓa shaƙar man cire gashin jiki ko ruwan nannaɗe gashi zai gane shi nan take, domin danginsu ɗaya. Kamfanoni suna ta zuba masa ƙamshin 'ya'yan itace, amma ni dai ban taɓa cin karo da wanda ƙamshin ya rinjayi warin ba. Sai dai su haɗu su ba da wani abu na uku.

Babban abin da feshin ya fi sauran da shi shi ne ba ya buƙatar a goga. Duk lokacin da wani abu ya gogi fenti, akwai yiwuwar ya bar zane, komai laushinsa. Shi wannan fesawa za ka yi, ka jira minti 3 zuwa 5, ka ɗauraye. Yana shiga lungun da yatsa ba ya kaiwa, kamar tsakanin ƙafafun rim, ramin noti, gefen tambarin mota da bakin roba. Yawancinsu kuma tsaka-tsaki ne, ba asid mai ci ba, ba kuma alkali mai ƙarfi ba, shi ya sa ake iya sa su a fenti da gilas da rim mai fenti ba tare da fargaba ba, muddin ba a bar su sun bushe ba.

Amma launin nan yana yaudara, kuma nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Mutum ya fesa a rim, ya ga jini ya kwaranyo, ya ɗauraye, ya sake fesawa, ya sake ganin jini, ya ce ashe da saura. Haka zai yi ta yi har kwalba ta ƙare. Abin da bai lura da shi ba, faifan birkin da ke bayan rim ɗin ƙarfe ne tsirara. Ko sau ɗari ka fesa masa sai ya yi shunayya. Haka nan tsananin launi ba shi ne ma'aunin ƙarfin magani ba, wani yana yin duhu sosai amma aikinsa bai fi na mai haske-haske ba. Alƙalin gaskiya hannunka ne cikin leda, da idonka a kan fentin bayan ya bushe.

Sannan ƙarfe kawai ya sani. Kwaltar da taya ta fantsamo, ƙaron bishiya, feshin fentin gini da iska ta kawo, tabon ruwan da ya bushe a rana, duk zai bi ta kansu ya wuce kamar bai gan su ba. Kwalta tana da nata maganin mai narkar da ita, tabon ruwa ma haka. Wanda ya sayi feshin cire ƙarfe yana jiran fenti ya koma sumul gaba ɗaya, sau da yawa yakan shafa ya ji da sauran kaushi, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, abin da ya rage ne ba ƙarfe ba.

To a nan yumɓu ke shigowa. Sunan ne kawai yumɓu, amma wani roba-roba ne mai danƙo da aka cuɗa da garin gugar da ya yi laushi ƙwarai, kuma daga Japan aka fara shi. Ana fesa ruwa mai santsi a jikin fenti, a mulmula yumɓun ya yi faɗi, a riƙa zame shi gaba da baya ba tare da dannawa ba. Duk abin da ya ɗago kai sama da fenti sai ya sare shi ya haɗiye, ba ruwansa da ƙarfe ne ko kwalta ko ƙaro. Sumul ɗin da yumɓu ke bayarwa babu wani feshi da ke kamo shi. Wanda ya taɓa shafa bonet bayan an gama ya san abin da nake nufi.

Sai dai yana karɓar ladansa a jikin fentin. Abin da ya tsinta yana nan a jikinsa, kuma da shi za ka ci gaba da gugar sauran wurin. Ka tuna ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi ne. In motar ta tara shi da yawa, ka hau ta da yumɓu kai tsaye, to kana jan ƙananan allurai ne a kan lulluɓin da bai kai silin gashi ba. A farar mota da wuya ka lura. A baƙa kuwa, da rana ta haska za ka ga wani hazo-hazo da siraran zane, wanda sai injin folish zai fitar. Folish kuma kankare lulluɓin yake yi kaɗan-kaɗan, abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai kuma wani abu: yumɓu saman ƙwayar yake sarewa. Gindin da ya nutse cikin fenti yana iya zama a wurin, bayan 'yan makonni ɗigon ya sake ɓullowa a daidai inda yake da.

Ga cin lokaci, ga gajiyar kafaɗa, mota guda tana iya cinye awa ɗaya ko fiye. In kuwa ya suɓuce ya faɗi ƙasa, shi ke nan, sai kwandon shara, domin yashin da ya ɗauka ba ya wankuwa. Akwai safar hannu da tawul masu fuskar roba da aka yi don su maye gurbinsa. Sun fi sauri, ana iya ɗauraye su in sun faɗi, amma a fenti mai laushi sukan fi barin hazo. A kan rim mai ƙafafu da yawa kuwa, yumɓu wahalar banza ce.

Don haka a kan fenti ni ban ga gasa tsakanin waɗannan biyun ba, jeri na gani. A wanke motar da sabulu, a fesa maganin ƙarfe ya kwashe masu kaifin, a bi da maganin kwalta in akwai ta, sannan a sa hannu a leda. In an ji sumul, an huta, yumɓu ya koma cikin akwatinsa. In da saura, sai ya fito, kuma yanzu aikinsa kaɗan ne, haɗarinsa ma kaɗan.

Asid kuma fa? Shi ne tsohon hannu a wankin rim, kuma ba za a raina saurinsa ba. Rim ɗin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ƙura ta gasu a jikinsa ta zama ɓawo, asid kan fitar da shi cikin daƙiƙoƙi, ga shi ya fi feshin cire ƙarfe arha nesa ba kusa ba. Amma kalmar asid ta rufe abubuwa mabambanta. Akwai masu ɗan sauƙi irin su okzalik, wanda tun kafin zuwan feshi mai launi ake amfani da shi wajen cire ƙurar jirgin ƙasa daga sababbin motoci. Akwai kuma haidirofulorik da ɗan'uwansa amoniyam baifuloraid, waɗanda har yanzu ake samu a wasu ruwan wanke rim masu ƙarfi. Wannan na biyun ba abin wasa ba ne. Yana cin gilas. Idan an sirka shi da ruwa yana iya taɓa fata ba ka ji zafi nan take ba, ya ratsa ciki ya riƙa kama kalsiyam ɗin jiki, sai bayan sa'o'i raɗaɗin ya taso alhali ɓarna ta yi nisa. Ba na ganin akwai rim ɗin da ya kai a ajiye irin wannan a gidan da yara ke yawo.

Ko an bar zancen lafiya, asid ba ya bambance datti da abin da dattin ke kai. Rim na alminiyam tsirara da aka goge ya yi ƙyalli, ko wanda aka rina ta hanyar lantarki, asid kan dusashe shi ya bar farin tabo da ba ya fita. Rim mai fenti da ya ɗan fashe a baki, ruwan kan shiga ƙarƙashi ya riƙa ɗaga fentin. Notuna su dushe, murfin birki ya koɗe. Masu ƙarfin alkali, irin waɗanda ake zuba wa soda mai cin hannu, su ma haka suke yi wa alminiyam, don haka ganin an rubuta babu asid a jikin kwalba bai isa ya sa ka saki jiki ba. Asid kayan ƙwararre ne da ya san irin rim ɗin da ke gabansa, zai yi amfani da shi sau ɗaya ya ceto wanda ya lalace, ba abin wankin kowane mako ba.

Saura wata tambaya da ke rikita masu saye: a kanti za ka ga feshin cire ƙarfe na jikin mota, ka kuma ga ruwan wanke rim mai sauya launi, irin Full Effect na Sonax. Sinadarin ɗaya ne, haɗin ne ya bambanta. Na rim an ƙara masa sabulu mai yanka maiƙo da dattin titi, kuma ya fi kauri don ya manne ya daɗe bai zube ba. Na jiki ya fi ruwa-ruwa, yana bazuwa a faffaɗan wuri, yana ɗaurayuwa da sauƙi. In kwalba ɗaya za ka saya, ɗauki na jiki. Za ka iya wanke rim da sabulu da buroshi tukuna, sannan ka fesa masa, ka sami kusan sakamako ɗaya. Na rim kuwa ba kowanne aka yarda a sa a fenti ba, sai ka karanta abin da kamfanin ya rubuta.

Daga nan zaɓi ya koma kan irin motarka. Mai farar mota da ɗige-ɗige suka dame shi, feshi ne maganinsa kai tsaye, sau da yawa ma shi kaɗai ya wadatar. Mai baƙar mota ya fi kowa buƙatarsa ko da ba ya ganin komai, domin shi ne yumɓu ya fi yi wa illa, kuma kada ya ɗauki yumɓu sai ya shirya yin folish a bayansa. Mai fenti marar sheƙi, wanda aka yi shi dusu-dusu da gangan, ba shi da wata hanya sai ta feshi, tunda guga tana sa irin wannan fentin ya yi ƙyalli a wuri ɗaya, kuma ba a gyara shi da folish. Ya dai gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Wanda ya sa wa motarsa rufin siramik, wato shafin kariya mai tauri da ake yi a kan fenti, ya ga ruwa ya daina tsayawa ƙwaya-ƙwaya, kada ya yi saurin cewa rufin ya mutu. Sau da yawa toshewa ya yi da ƙurar ƙarfe, feshi ɗaya ya farfaɗo da shi, alhali yumɓu zai iya rage masa kwana.

Rim ɗin gaba kullum ya fi na baya baƙi saboda birkin gaba ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Motocin Jamus sun yi suna wajen zubar da ƙurar birki, masu su za su fi kowa ƙarar da kwalaben feshin. Motar lantarki kuwa, da yake injinta ke rage mata gudu a mafi yawan lokaci, rim ɗinta kan daɗe da tsabta, sai dai jikinta yana kwasar na maƙwabta a titi kamar kowa. Mai birkin kabon-siramik, wanda ake samu a manyan motocin gudu, ya bi umarnin kamfanin motarsa kawai, kada ya fesa wa faifan komai da ka.

Sau nawa? A fenti, sau biyu a shekara ya ishi yawancin mutane, sai kuma duk lokacin da za a yi folish ko a sa sabon rufi. A rim, in ka tsabtace shi sosai sau ɗaya ka shafa masa abin kariya, sabulu da buroshi mai laushi za su riƙe shi tsawon lokaci, feshin ya zama na jefi-jefi. Masu fesa shi duk wanki suna biyan kuɗin kallon launi ne kawai. Ka kuma sani yana iya raunana kakin da aka shafa wa mota, don haka bayan an yi wa jiki, a sabunta kariyar.

Wajen aikin kansa, abu ɗaya ne ke jawo kusan duk kukan da ake yi da shi: bushewa. Na taɓa fesa wa gefen mota guda, waya ta yi ƙara, na tsaya magana. Kafin in dawo rana ta zagayo ta same shi, ya bushe ya bar jirwaye a baƙar robar ƙasan ƙofa, na fi awa ina fama kafin ya yarda ya dushe. Tun daga ranar nake yi a inuwa, ɓangare-ɓangare, kuma ba na taɓa rim sai na sa bayan hannu na ji ya huce. Motar da ta dawo daga tafiya a ba ta lokaci. A wanke datti tukuna, domin feshin da aka zuba a kan laka ya tafi a banza. A bar ruwan wanki ya ɗan tsane, tunda jiƙaƙƙen fenti sirka maganin yake yi ya zubar da shi ƙasa. A fi ba ƙasan ƙofofi da bayan mota ƙarfi, can ne ƙurar ke taruwa. A rim a ɗan motsa shi da buroshi bayan launi ya fito. A jiki kuwa, in za a taɓa, da soso mai laushi a jiƙe.

Ɗauraya a yi ta da ruwa mai yawa, a bi bayan madubi, hannun ƙofa da bakin gilas, inda yake laɓewa ya zubo daga baya. A sa safar hannu da tabarau, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, kada a yi a rufaffen gareji. Ruwan da ya kwaranya a daɓen siminti a kore shi tun yana ɗanye, don siminti yana shan launin.

Bayan ka gama za ka leƙa ta tsakanin ƙafafun rim ka ga faifan birki ya yi ja da tsatsa cikin 'yan mintuna. Kada gabanka ya faɗi, ko ruwa zalla ka zuba masa haka zai yi. Ka tuƙa motar a hankali, ka taka birki sau uku ko huɗu, faifan zai goge kansa ya bushe. Ka yi hakan kafin ka ja birkin hannu ka ajiye ta ta kwana, in ba haka ba da safe kana iya jin takalmin ya manne, ya saki da wata ƙara kamar an karya itace.